Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Taɓa Saitin GRUB

Tsakanin danna maɓallin kunna kwamfuta da bayyanar allon da ka saba gani akwai 'yan daƙiƙoƙin da kusan ba wanda yake lura da su. A cikinsu ne wata ƙaramar manhaja take aikinta: ta lalubo inda babbar manhaja take kwance a faifai, ta ɗora ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta miƙa mata ragama. Masu gyara suna ce mata butloda, kuma a galibin kwamfutocin da ke ɗauke da Linux sunanta GRUB. Ba a tunawa da ita sai ranar da mutum ya ce bari ya rage lokacin jira daga daƙiƙa 10 zuwa 2, ko ya sa Windows ta zama ta farko a jeri, ko ya ɗora hoto mai kyau a bayan jerin. Ya adana, ya sake kunnawa, sai ga baƙin allo da kalmomin grub rescue suna jiransa. Garin gyaran gira ke nan, ido yana neman tafiya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a mafi yawan lokuta ba abin da ya sami fayilolinsa. Hotunansa da kundin digirinsa da lissafin shagonsa duk suna nan a inda ya bar su. GRUB kamar ɗan aike ne da aka ba shi kwatancen gida a takarda: idan aka ɓata kwatancen zai tsaya a bakin titi yana zare ido, amma gidan bai rushe ba. Gyaran kuwa ba ya yiwuwa sai an san cewa GRUB ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Gunduwa-gunduwa ne a wurare daban-daban, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya kafin kwamfuta ta tashi.

Dalilin wannan rarrabuwa tsohon tarihi ne. Tun daga 1983, kwamfutoci masu BIOS suna karanta baiti 512 na farkon faifai ne kawai idan an kunna su. A cikin wannan ɗan wuri, 64 na jadawalin sassan faifai ne, 2 hatimi ne, abin da ya rage wa umarnin tayarwa bai wuce 446 ba. Ba wata manhajar kirki da za ta shiga ciki. Saboda haka GRUB yana ajiye ɗan guntun kansa a nan, wanda aikinsa ɗaya ne tak: ya kira gunduwa ta biyu, mai suna core.img, wadda aka cusa a filin da ke tsakanin farkon faifai da sashe na farko. Ita wannan ta iya karanta tsarin fayiloli, kuma an dasa mata adireshin jakar /boot/grub, inda sauran kayan aiki da fayil ɗin saiti grub.cfg suke. A sababbin kwamfutoci masu UEFI an sauya matakin farko: akwai ƙaramin sashe mai tsarin FAT32 da ake ajiye fayil irin su grubx64.efi, kuma kwamfutar tana riƙe sunansa a ƙwaƙwalwarta ta ciki. Amma sarƙar ba ta canza ba. Daga BIOS ko UEFI zuwa GRUB, daga GRUB zuwa fayil ɗin saiti, daga nan zuwa kenel, wato zuciyar Linux, tare da ɗan ƙunshin da ake kira initrd, sannan sashen da Linux ɗin take zaune.

Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna da LILO, wanda Werner Almesberger ya rubuta a farkon shekarun 1990. Shi bai iya karanta tsarin fayiloli ba sam. Lambobin wuraren da kenel yake a faifai yake haddacewa, don haka duk wanda ya sauya kenel bai sake gudanar da umarnin lilo ba, ya shiga uku. Sai dai yana da wata kyakkyawar ɗabi'a: harafi ɗaya-ɗaya yake buga sunansa a allo, kowane harafi alamar an tsallake mataki. Idan ya tsaya a LI, ka san inda ya maƙale. GRUB, wanda Erich Boleyn ya faro a 1995 kuma ya shiga hannun GNU a 1999, ya fi shi wayo nesa ba kusa ba, amma har yau hanyar binciken ita ce waccan: duba a wane mataki aka tsaya. Allon yana faɗa maka, in dai ka tsaya ka karanta maimakon ka riƙa kashewa da kunnawa.

Kafin mu je ga allon, akwai ruɗanin da ya fi kowanne jefa mutane a rami, wato bambancin fayil ɗin da ake gyarawa da fayil ɗin da GRUB yake karantawa. A GRUB na yanzu, wanda Ubuntu ta rungume shi tun fitowarta ta 9.10 a 2009 kuma ya kai lamba 2.00 a 2012, mutum yana rubuta buƙatunsa ne a /etc/default/grub, ko a ƙananan fayilolin da ke jakar /etc/grub.d. GRUB bai san da zamansu ba. Umarnin update-grub a Debian da Ubuntu, ko grub2-mkconfig a Fedora, shi yake tattara su ya haifi grub.cfg. Shi ya sa a saman grub.cfg aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa shi da hannu. Wannan tsari yana da kariyar da mutane da yawa ba su sani ba: umarnin yana fara rubuta sabon fayil a gefe da sunan grub.cfg.new, ya duba nahawunsa, sai ya ga lafiya sannan ya maye gurbin tsohon. Idan ka manta rufe alamar zance, ko ka kwafo layi daga waya aka sauya maka miƙaƙƙun alamomin zance da lanƙwasassu, umarnin zai yi ƙorafi ya tsaya, tsohon saitin yana nan daram.

To ta ina matsala take shigowa? Ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce tsallake kariyar: gyara grub.cfg kai tsaye, ko juye sakamakon umarnin haifar da saiti, wato grub-mkconfig, a kansa da alamar > maimakon amfani da -o. Wannan alama tana fara share fayil ɗin ne tas kafin a rubuta komai, don haka idan umarnin ya gaza a tsakiya, ko aka ɗauke wuta batirin kuma ya mutu, an bar ka da fanko. Ƙofa ta biyu ta fi wuyar gani: mai duba nahawu ba ya duba gaskiya. Za ka iya rubuta lambar sashen da babu shi, ko sunan kenel ɗin da aka riga aka cire, nahawu ya fita tsaf, ya wuce.

Mafi sauƙin lamari shi ne jerin GRUB ya bayyana lafiya, ka zaɓi Linux, sannan allo ya yi baƙi ko rubutu ya tsaya cak. A nan butloda ya riga ya sauke nauyinsa; abin da ka sa ya gaya wa kenel ne bai yi daidai ba. Maganin yana gabanka. Ka sake kunnawa, ka tsaya a kan layin Linux ka danna e. Rubutun zai buɗe. Ka nemo layin da ya fara da kalmar linux, ka goge abin da ka ƙara, ka kuma goge quiet da splash don ka ga abin da kenel yake faɗa maimakon hoton kamfani. Sai ka danna Ctrl da X tare, ko F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne, ba ya taɓa faifai, saboda haka kana iya gwadawa sau nawa ka ga dama ba tare da fargaba ba. Idan allo ne yake mutuwa, ƙara nomodeset a ƙarshen layin yakan ba ka damar shiga. Idan kuwa ka ga kenel yana cewa ya kasa ɗora root, ko ka faɗa wani wuri mai suna initramfs ana ce maka wata doguwar lamba ba ta wanzu, to lambar UUID da ke layin ba ta dace da sashen ba, ko kuma layin initrd ya ɓace. Jerin yana da reshe na biyu mai ɗauke da tsofaffin kenel; a gwada ɗaya daga ciki tukuna.

Wanda ya sa lokacin jira ya zama 0 kuma ya ɓoye jerin ya toshe wa kansa wannan ƙofa, kuma ina ganin wannan saiti ne mafi rashin amfani da mutane suke yi. Daƙiƙa 3 ba sa hana kowa zuwa aiki. Duk da haka ana iya tilasta wa jerin fitowa ta hanyar riƙe Shift a kwamfuta mai BIOS, ko danna Esc a mai UEFI, da zarar tambarin kamfani ya wuce. Haka nan idan hoton kwalliya ko girman allon da ka zaɓa ne ya rikita jerin, da zarar ka samu ka shiga, ka cire layin GRUB_THEME da na GRUB_GFXMODE, ko ka sa GRUB_TERMINAL=console ya koma farin rubutu a baƙin allo.

Lamari na biyu shi ne ka tarar da grub> kaɗai, ba jeri. Wannan labari ne mai daɗi ko da bai yi kama da shi ba, domin GRUB ya tashi da dukan ƙarfinsa, fayil ɗin saiti ne kawai bai samu ba ko ya same shi fanko. Ka rubuta ls. Zai lissafo abin da yake gani, misali (hd0,gpt1) da (hd0,gpt2). A kula, faifai daga 0 ake ƙirga shi, sashe kuma daga 1. Tsohon GRUB daga 0 yake ƙirga duka biyun, abin da ya sa kwafo umarni daga tsofaffin littattafai yake ɓatar da mutane. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,gpt2)/ har sai ka ga wanda yake nuna boot da etc da home. Ganin home ɗin nan shi ne shaidar cewa kayanka suna nan. Daga nan layi huɗu ne: set root=(hd0,gpt2), sannan linux /boot/vmlinuz root=/dev/sda2, sannan initrd /boot/initrd.img, sannan boot. Sunayen fayilolin suna bambanta daga wannan Linux zuwa waccan, amma maɓallin Tab yana cika maka su, ba sai ka haddace lambobi ba. Idan /boot yana da sashensa na daban, a can za ka sa root na GRUB kuma ka cire /boot daga hanyar. Wannan ƙaramin bambanci ya sha sa mutane cire rai alhali saura taku ɗaya.

A Ubuntu mai UEFI akwai wani ɗan grub.cfg na biyu, mai layi uku, a cikin sashen FAT32. Aikinsa ya nemo sashen Linux da lambar UUID ya miƙa ga babban fayil. Duk wanda ya sake tsara sashen ko ya kwashe Linux zuwa sabon faifai ya bar wannan ɗan fayil da tsohuwar lamba, grub> zai riƙa tarar da shi kullum, ko da ya yi update-grub sau goma. Umarnin blkid yana nuna lambobin gaskiya, a kwatanta.

Na uku shi ne grub rescue>, wanda ya fi razana mutane. Ma'anarsa gunduwa ta biyu ta tashi amma ta je adireshin da aka dasa mata ba ta sami jakar kayan aiki ba. Saƙon da ke sama yana nuna dalili: no such partition na nufin an share sashen ko lambarsa ta gusa, unknown filesystem na nufin ta je sashen da ba nata ba. Nan ba Tab, umarni kaɗan ne suke aiki. Ka rubuta set ka ga inda take zaton jakar take, ka yi ls ka gano inda take da gaske, sannan set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub da lambar da ka gano, sai insmod normal, sai normal. Jerin zai dawo. Amma a nan gizo yake saƙa: kana shiga Linux, update-grub kaɗai ba zai warkar da kai ba, domin shi saiti yake sabuntawa, ba ya taɓa gunduwar da ke farkon faifai. Aikin grub-install ne wannan, kuma a kwamfuta mai BIOS faifai gaba ɗaya ake ba shi, kamar /dev/sda, ba sashe kamar /dev/sda5 ba. Ɗaliban da suke share sashen Linux daga cikin Windows don su sami fili su ma nan suke faɗawa. Su ba jakar da za a nemo, sai dai a mayar wa Windows nata butlodan da filash ɗin girka ta.

Wannan bambanci tsakanin umarnin biyu ba na 'yan koyo kaɗai ba ne, ya kayar da manya. A watan Agustan 2022, masu amfani da Arch Linux da 'yan uwanta irin su EndeavourOS sun sami sabon GRUB wanda yake rubuta wani sabon zaɓi a saiti, na tambayar ko kwamfuta tana iya shiga shafin UEFI. Waɗanda aka sabunta musu saiti ba a sake yin grub-install ba, tsohon GRUB da ke faifansu bai san zaɓin ba, sai ya ɗauki tambaya a matsayin umarni. Kowace kunnawa shafin UEFI take kai su, ba fita. Saitin lafiyarsa ƙalau, GRUB ɗin ma haka, zamaninsu ne ya saɓa. Shekara biyu kafin nan, a ƙarshen Yulin 2020, kamfanin tsaro na Eclypsium ya bayyana wata ɓaraka da ya sa wa suna BootHole, wadda take a yadda GRUB yake karanta grub.cfg. Facin gaggawa da aka fitar ya hana wasu kwamfutocin Red Hat da CentOS tashi, a Debian da Ubuntu kuma wasu suka tarar da saƙon cewa ba a sami grub_calloc ba. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne sababbin kayan aiki sun sauka a /boot/grub alhali tsohuwar gunduwa ce a farkon faifai, saboda an girka sabuwar a wani faifan dabam. Duk inda ka ga symbol not found, kada ka wahalar da kanka da saiti. Gunduwoyi ne ba sa jituwa.

Idan duk waɗannan ƙofofi sun ƙi, sai a shiga ta waje da filash mai ɗauke da Linux. Ana ɗora sashen Linux ɗin a /mnt, a ɗora sashen FAT32 a /mnt/boot/efi idan UEFI ne, a haɗa /dev da /proc da /sys, sannan a yi chroot /mnt. Daga nan kamar kana cikin kwamfutarka ne: ka mayar da layin da ka canza, ka yi grub-install, ka yi update-grub. Abu ɗaya ne yake yawan ɓata wannan aiki, wato tayar da filash ɗin ta hanyar BIOS alhali Linux ɗin ta UEFI ce, ko akasin haka. Idan jakar /sys/firmware/efi tana nan, ta UEFI ka shigo. Akwai Boot-Repair da Super Grub2 Disk masu sauƙaƙa aikin, kuma ban ga laifin amfani da su ba, amma gara mutum ya karanta rahoton da Boot-Repair yake fitarwa kafin ya danna maɓallin gyara. Kuma tunda filash ya riga ya buɗe maka faifan, kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri shi ne aikin farko.

Wani lokaci kuma ba saitin ne mai laifi ba, lokaci ne kawai ya zo ɗaya. Kwamfutocin da suka sha hannu, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS ɗinsu yakan mutu, sai su koma yadda suka fito daga kamfani, hanyar tashi ta sauya daga yadda aka girka. Idan agogon BIOS yana nuna shekarar da ta wuce da daɗewa, a fara zargin batirin. Wanda Windows ta ɓace masa daga jeri bayan sabuntawa shi ma ya kwantar da hankalinsa: tun GRUB 2.06 na 2021 aka kashe neman sauran manhajoji sai an buƙata, kuma layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false yana dawo da shi. Mai Windows da ke kulle da BitLocker kuwa, kada ya kashe Secure Boot don gwaji sai makullin ceto mai lamba 48 yana hannunsa.

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ake saurin cewa a yi fomatin. Mutum ya kai kwamfuta shago da baƙin allo, a dube ta daƙiƙa biyar a ce Linux ce ta lalata faifai. A share aikin shekaru saboda layi ɗaya da za a gyara cikin minti goma. Ba mugunta ba ce galibi, rashin sani ne, amma asarar a kan mai kaya take. Mai gyaran da bai iya ba ya kamata ya ce bai iya ba, ko aƙalla ya sa filash ya kwashe wa mutum kayansa kafin ya share.

Ga mai son taɓa saiti, ba na ce ya fasa ba; kwamfutarsa ce, kuma da taɓawa ake iyawa. Amma kafin ya fara, ya kwafi /etc/default/grub, ya kuma kwafi grub.cfg mai aiki da wani suna a jakar, misali grub.cfg.tsoho. Ranar da ya tarar da grub>, umarnin configfile tare da hanyar wannan fayil zai dawo masa da tsohon jerinsa nan take. Ya canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya fara gwada shi da maɓallin e kafin ya rubuta shi dindindin, ya karanta abin da update-grub ya ce har ƙarshe, kuma ya ajiye filash ɗin da ya girka Linux da shi. Idan allo ya nuna saƙo, ya ɗauki hotonsa da waya kafin ya kashe, domin duk wanda zai taimaka masa wannan zai fara tambaya.

Malaman da ke koyar da kwamfuta a cibiyoyi da kwalejoji kuma, ina roƙonku ku ware darasi guda ga wannan. Ku girka Linux a cikin VirtualBox, ku sa kowane ɗalibi ya share grub.cfg da gangan, sannan ya tayar da ita da hannu daga grub> kafin a tashi daga aji.